Wasiƙa daga bakin kogin Sen

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ka yi ƙorafi cewa tun da na zo Faris ban ba ka labarin komai ba sai na sanyi. To, yau ga labarin wani ɗan lambu da nake zuwa shan iska.

Sunansa Square du Vert-Galant, yana can a tsinin tsibirin da ke tsakiyar kogin Sen. Ko rabin filin ƙwallo bai kai ba, ga shi da tsini kamar goshin kwalekwale, ruwa hagu ruwa dama. Kafin ka isa sai ka gangara matakala daga kan gadar Pont Neuf, wajen mita 7. Da farko na zaci haƙa wurin aka yi. Ashe birnin ne ya tashi ya bar shi: shekara da shekaru ana cike ƙasa ana gini a kai, lambun kuwa yana nan daidai inda ƙasar tsibirin take a da.

Can baya ƙananan tsibirai ne a wurin. A kan ɗaya daga cikinsu, a watan Maris na 1314, Sarkin Faransa Filif na Huɗu ya sa aka ƙone Jacques de Molay da ransa, shugaban wata ƙungiyar mayaƙan Kirista da ake kira Templar. Akwai allon tunawa da shi kusa da matakalar, amma yawancin masu sauka ko kallonsa ba sa yi. Ni kam, tun da na karanta shi, in na zauna a can sai jikina ya ɗan yi sanyi.

Aikin gadar, wanda aka fara a 1578 aka gama a 1607, shi ya haɗe tsibiran da babban. Ma'anar sunanta "sabuwar gada", alhali yau babu wadda ta girme ta a Faris. Vert-Galant kuma laƙabin Sarki Henri na Huɗu ne, don furfura ba ta hana shi neman mata ba. Mutum-mutuminsa na kan doki a sama. Na farkon an rushe shi a 1792 lokacin juyin juya hali, wannan na 1818 ne. Sai a 1884 hukumar birni ta mai da wurin lambun jama'a.

Abin da ya fi burge ni shi ne har yau kogin bai sallama wurin ba. Da ruwa ya ƙaru sai a rufe ƙofa. A ambaliyar 2016 da ta 2018 kujerun zama duk sun nutse, bishiyoyi kawai ke leƙowa. Ruwa na janyewa a share laka, mutane su dawo.

Idan Allah ya kawo ka, can za mu fara zuwa, in dai kogi ya yarda. Ka gaida kowa da kowa, kuma kada amsa ta yi nauyi irin na bara.

Naka,
Amininka