Sanarwa ga mazauna gidanmu kan ɗaukewar tashoshi

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. Barkanmu da war haka.

Tun daren jiya da aka yi iskar nan, gidaje da dama sun ce tashoshinsu sun ɓace, har da tashar Alƙur'ani mai nuno Harami, wadda iyayenmu mata ke kunnawa bayan Asuba. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Don Allah kada kowa ya yi saurin kai talabijin wurin mai gyara. Ku fara duba bayanta, ku tabbatar wayar eriya ta shiga sosai. Ku cire talabijin ɗin daga wuta na minti biyu, ku mayar, sannan ku shiga saiti ku sake binciken tashoshi. Tashoshin dijital ba sa yin yayyafi irin na da, in sigina ya yi rauni hoto yakan daskare ya farfashe, ko ya ɗauke gaba ɗaya.

Na hau rufin da safe. Eriyarmu ta karkace, kuma mahaɗin wayar ya yi tsatsa har ya koma kore. Laimar tekun Jidda ce ta ci shi.

Za mu haɗu ranar Juma'a bayan La'asar a ƙofar gida. Kowane gida ya kawo riyal 15 na sabuwar waya da mahaɗi. Wanda binciken bai yi masa ba, ya rubuto lambar ɗakinsa nan. Kuma a hana yara hawa rufin.

Allah Ya bar zumunci. Na gode.