Inshorar ambaliya a Amurka: ba haka zancen yake ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Na daɗe ina bin shirye-shiryenku ta intanet daga nan jihar Louisiana, amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau. Abin da ya tsokano ni wata magana ce da wani bawan Allah ya yi a shirinku kan ambaliya, inda aka tuno abin da ya sami Maiduguri a 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Cewa ya yi wai a Amurka in ruwa ya ci gidanka ko a jikinka, inshora za ta biya. Na yi dariya, amma ba ta jin daɗi ba.

Inshorar gida ta yau da kullum ba ruwanta da ambaliya. In gobara ce za su saurare ka. Ruwan da ya taso daga ƙasa ya shigo ɗaki kuwa, takardarsa daban, kuɗinsa daban. Kamfanoni sun guji harkar tun tuni, shi ya sa gwamnatin tarayya ta kafa nata shirin a 1968, wanda yanzu yake hannun FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya. Kuma ba ganin dama ba ne: in da bashin banki ka sayi gida a unguwar da taswira ta sa cikin haɗari, dole ka yanka. Iyakar abin da ake biya dala 250,000 ne na gini, 100,000 na kayan ɗaki.

Shekara da shekaru shirin yana karɓar kuɗin da bai kai girman haɗarin ba. Guguwar Katrina ta 2005, da Sandy ta 2012, da Harvey ta 2017 suka jefa shi cikin bashi. Majalisa ta yafe masa dala biliyan 16 a 2017, amma aka bar shi da sama da biliyan 20 a wuya. Sai a Oktoban 2021 aka fito da sabon lissafi: kowane gida da nasa farashin, gwargwadon kusancinsa da ruwa, da tudun daɓensa, da abin da sake gina shi zai ci. Doka ta ce gidan da mutum yake zaune a ciki kada a yi masa ƙarin da ya wuce kashi 18 cikin ɗari a shekara. Da jin haka sai ka ce sassauci ne. Ɗauki biro ka lissafa, Malam: ƙari kan ƙari, kafin shekara biyar ta cika kuɗin ya ninka har da ɗoriya. Ni nawa a cikin biyan gida na wata-wata ake haɗa shi, don haka duk shekara in ambulan ɗin ya iso sai ya kwana biyu a kan tebur ban buɗe ba.

Ba na cewa lissafin ƙarya ne. Ranar 29 ga Agustan 2021 guguwar Ida ta koro ruwan tafkin Pontchartrain ya shigo mana gari, kuma har yau akwai shatin ruwan a bangon garejina, daidai ƙuguna. Na ƙi shafe shi da fenti. Ƙasar da muke takawa a Louisiana kanta nutsewa take yi, jihar ta yi asarar kusan murabba'in mil 2,000 na gaɓarta tun daga shekarun 1930. Da jihohi goma suka kai ƙara kotu kan sabon lissafin a 2023, Louisiana a gaba, ban ga yadda alƙali zai hana teku tasowa ba.

Damuwata ita ce wa ke ɗaukar nauyin. In an ce bakin teku, mutane attajirai suke hangowa da gidajen hutu. Layinmu direbobi ne, da ma'aikatan matatar mai, da 'yan fansho. Maƙwabciyata dattijuwa ce, ta yi ritaya daga aikin kicin a makaranta, ta gama biyan gidanta tun kafin in zo ƙasar. Da yake babu bankin da zai tilasta mata, bara ta daina biyan inshorar. Da na yi mata magana sai ta buɗe mini durowar magungunanta, ta ce in zaɓa mata wanda za ta bari. Mai hali ya ɗaga gidansa a kan ginshiƙai, kuɗin inshorarsa ya sauka. Ita ko kuɗin ɗagawar ba ta da shi, in kuma ta ce za ta sayar, mai saye yana jin kuɗin inshora zai ja da baya. Ni a ganina a bar farashi ya faɗi gaskiyar haɗarin, amma a tallafa wa mutum gwargwadon samunsa. An sha kawo wannan shawara a Majalisa, tana nan a takarda.

Ina roƙon ku isar wa 'yan'uwa masu shirin sayen gida a Houston ko Florida ko nan wajenmu: in kun ga gida da araha kusa da ruwa, ku tambayi kuɗin inshorar na bana, ku tambayi kuma cikakken farashin da ake hawa da ku zuwa gare shi, don lambobi biyu ne daban. Ni ta farkon kaɗai na tambaya.

Naku,
Mai sauraro daga Louisiana