Masu kwana a titin Zinder: a haɗa abinci da magani, a kuma riƙa komawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili domin jan hankalin ƙungiyoyi da masu hannu da shuni da ke kai ɗauki ga bayin Allah masu kwana a tasha, bakin Kasuwar Dole da rumfunan Birni da Zango a nan Damagaram. Niyyar mai kyau ce, amma zuwa sau ɗaya da azumi a ɗauki hoto ba ya warkar da kowa.

Buhun shinkafa mai kilo 25, in an yi wa kowa awon giram 150, yana ciyar da mutum kusan 165. Ba a awo ake kuskure ba, a leda ake yi. Sai a ƙulle shinkafa da wake da zafinsu tun hantsi, ba za a raba ba sai la'asar, a garin da zafi kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba. A dafa kusa da wurin, a zuba daga kula, kada sadaka ta koma gudawa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne maganin masassara. A fara da gwajin jinin yatsa, sakamako na fitowa cikin minti 15 zuwa 20. In ta tabbata masassarar cizon sauro ce, babban mutum zai sha maganin Coartem ƙwaya 4 sau biyu a rana har kwana 3, ƙwaya 24 ke nan, kuma jiki ya fi karɓar maganin in an ci abu mai maiƙo ko an sha madara. Shi ya sa kwano zai riga ƙwaya. Wanda ba shi da ɗaki ba shi da wurin ajiya. Da ya ji dama-dama a rana ta biyu sai sauran ya ɓata, ko ya ba abokin kwana. Don haka a sha na farko a gaban malamin asibiti, sauran a damƙa wa wani tsayayye a wurin, mai shayi ko malamin tsangaya.

Ƙazuwa kuwa, in aka shafa wa yaro ɗaya magani aka bar waɗanda suke tabarma ɗaya da shi, aikin banza aka yi. A shafa wa kowa rana ɗaya, daga wuya zuwa ƙafa, tufafi a wanke da tafasasshen ruwa.

Mota ko adaidaitar magani ba asibiti ba ce. Tarin da ya wuce mako 2 a tura gwajin majina, domin maganin tarin fuka wata 6 ake sha. Mai juna biyu da yaron da ƙafafunsa suka kumbura, a kai su asibiti da hannu. Takardar turawa asibiti kawai ba ta biyan kuɗin kabu-kabu. A tsayar da rana da wuri guda kowane mako, da littafin suna, har da laƙabin da aka san mutum da shi a tasha.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Zinder