A Gaggauta Kai Mai Shanyewar Ɓarin Jiki Wurin Hoton Ƙwaƙwalwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Agege, Mile 12 da Alaba Rago game da shanyewar ɓarin jiki.

Cutar iri biyu ce: ko gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe. Ido ba ya bambance su, sai hoton ƙwaƙwalwa, irin wanda ake kira CT. Akwai allurar narkar da gudan jini, alteplase, wadda Amurka ta amince da ita tun 1996, amma in aka yi wa wanda jijiyarsa ta fashe, ƙara masa zubar jini za ta yi. Kuma galibi cikin awa 4 da rabi da farawar ciwon ake yin ta.

Hoton yana kuma nuna wa likita yadda sauƙi zai iya kasancewa. Akwai ma'auni mai maki 10 da ake kira ASPECTS: kowane yankin ƙwaƙwalwa da ya lalace a cire maki ɗaya. Mai maki da yawa ya fi samun damar sake tafiya da ƙafarsa, da yardar Allah.

Mu kuwa, baki na karkacewa sai a ce iska ce, a nemo hayaƙi da rubutu har gari ya waye. Addu'a ai ana yin ta a cikin mota ma. Ga cunkoson Legas da zai ci nasa rabon. Don Allah limamanmu da sarakunan Hausawa su sanar da jama'a: a lura da lokacin da abin ya fara, a kira lambar agajin gaggawa, 112 ko 767, a nufi asibitin da ke da na'urar CT.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas