Ƙwayoyin kiranberi ba za su maye gurbin maganin ciwon sukari ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili in ja hankalin masu ciwon sukari kan ƙwayoyin kiranberi da ake tallatawa da sunan suna saukar da sukarin jini. Abin yana damuna ƙwarai, domin irin wannan talla na iya sa mutum ya ajiye maganin sukarinsa na asibiti, kamar metfomin ko insulin.

Kiranberi ɗan itace ne ja, ƙarami, mai tsami sosai, wanda ake nomawa a Amurka da Kanada. Inda ya yi suna shi ne ciwon mafitsara, domin wani sinadari da ke cikinsa yana hana ƙwayar cutar E. coli maƙalewa a bangon mafitsara. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a rubuta a jikin kwalba cewa miligiram 500 na garinsa a rana na iya rage dawowar wannan ciwo ga mata, tare da bayyana cewa hujjar ba ta da yawa. Amincewar ba ta shafi sukari ba.

Ta fuskar sukari kuwa, a ɗakin gwaji an ga sinadaransa suna rage saurin narkar da sitaci ya zama sukari. Amma gwajin da aka yi a kan mutane ƙanana ne, na 'yan makonni, kuma sakamakonsu ya sha bamban.

Babban tarkon yana cikin lemon kiranberi na kwalba. Saboda tsananin tsaminsa, ana zuba masa sukari har kofi ɗaya na mililita 240 ya kai kusan giram 30, wato cokalin shayi bakwai da ɗoriya. Busasshen ɗan itacen ma ana jiƙa shi da sukari. Mai neman sauƙi sai ya ƙara wa kansa ciwo.

Wanda ya nace sai ya gwada ƙwayar, ya fara sanar da likitansa, kuma kada ya daina ko ya canza maganinsa na asibiti. Ya auna sukarinsa da safe kafin ya ci komai, da kuma awa biyu bayan cin abinci, ya rubuta na mako biyu kafin farawa don ya sami abin kwatantawa. Bayan wata uku a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya. Idan lambar ba ta motsa ba, a daina shan ƙwayar kiranberin. Idan kuma awon sukari ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, ga zufa da rawar jiki, a sha abu mai zaƙi nan take.

Mai shan wafarin, maganin tsinka jini, ya guji kiranberi, domin haɗin na iya jawo zubar jini. Haka wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, saboda sinadarin oksalet da ke cikinsa yana taimaka wa tsakuwar haɗuwa.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya