Wasiƙa zuwa ga ɗana a Abuja, kan tsoron allurar da matarsa ke yi

Assalamu alaikum, Babana.

Ina fatan kuna lafiya kai da iyali. Mu nan Jos lafiya lau, sai hunturu da ya fara kankama.

Ƙanwarka ta shaida mini cewa cikin 'yata, wato matarka, ya shiga wata na biyar, amma ba ta koma awo ba tun ranar da aka zo ɗibar jininta ta yanke jiki ta faɗi. Ta ce kuma kai dariya kake yi mata, wai shagwaɓa ce. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

A aikina na jinya na sha ganin ƙato, mai ɗaga buhun dankali shi kaɗai, ya hango sirinji gumi ya keto masa, leɓensa ya bushe, kafin a ɗaura masa roba a dantse ya sulale ƙasa. Wannan ba ragwanta ba ce. Likitoci suna kiransa fobiya, kuma suna lissafa shi cikin cututtukan fargaba da damuwa. Bambancinsa da tsoron da kowa ke ji shi ne ya fi ƙarfin haɗarin da ke gaban mutum nesa ba kusa ba, yana daɗewa wata 6 ko fiye, kuma yana sa mutum ya kauce wa abin ko da kaucewar za ta cutar da shi. Wani kare ne nasa, wani hawa lifta ko jirgin sama, wani tsayuwa gaban jama'a. Mata sun fi maza kamuwa da shi, kuma yawanci tun ƙuruciya yake somawa.

Ita ma ta san allura ba ta kisa, don haka daina yi mata wa'azi a kan haka. Akwai wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, da ke kaɗa ƙararrawar haɗari tun hankali bai gama auna abu ba. Nan take zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Mai yiwuwa an taɓa danne ta tana ƙarama aka yi mata allura, mai yiwuwa kuma babu wani dalilin da za ta tuna. Tsoron jini da allura yana da halinsa na daban: bayan bugun zuciyar sai ƙarfin jini ya faɗi warwas, jiri ya ɗebi mutum. Abin da ya kayar da ita ke nan, ba iska ba, kada wani ya ruɗe ku. Addu'a kam a yi, amma a haɗa da asibiti.

Inda na fi jin tsoronka shi ne ranar da dariyar za ta koma tausayi, ka ce to a bar awon. Duk lokacin da ta guje wa allura za ta ji sanyi a ranta, wannan sanyin kuwa shi ke ƙara wa tsoron gindin zama. Ga shi mai ciki ba ta da makawa: akwai gwajin yawan jini, akwai rigakafin sarƙe-haƙora, ranar haihuwa ma ana iya buƙatar ƙarin ruwa.

Maganin da ya fi ci shi ne sabo a hankali, a hannun masanin halayyar ɗan Adam. Yau ta kalli hoton sirinji har gabanta ya daina faɗuwa. Gaba ta riƙe shi a hannu. Sannan ta zauna ta ga ana yi wa wani. Ba a tsallake mataki, ba a kuma yi mata ba-zata, balle a taru a danne ta. Saboda suman kuma, akwai dabarar da wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, ya inganta: mutum ya ɗaɗɗaure naman hannu da na ƙafa na daƙiƙa 10 zuwa 15, ya saki, ya maimaita kamar sau 5, don jini ya hau. Amma tunda tana da juna biyu, sai likitanta ya amince tukuna, musamman in akwai hawan jini. Kada kuma ka kuskura ka shiga kemis ka sayo mata ƙwayar kwantar da hankali irin su Valium. Tana kama jiki, ga ciki.

Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka ma asibitin koyarwa na Gwagwalada. Na san abin da za ka ce, kada dangi su ji an kai ta wurin likitan mahaukata. Wannan tunanin zamanin tsohuwar dokar masu taɓin hankali ta 1958 ne, wadda aka maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. Ai ba shela za ku yi ba.

Ranar awo mai zuwa ka nemi izini a ofis ka raka ta da kanka. Ta karya kumallo, ta sha ruwa sosai, sai dai in an ce gwajin na buƙatar ta zo ba ta ci komai ba. Ka faɗa wa nas tun a bakin ƙofa cewa tana suma, a ɗebi jinin tana kwance, ta kau da kai, kai kuma ka yi ta jan ta da hira. In an gama kada ta yi zumbur ta miƙe.

Ka ba ta wayar daren Juma'a, ina so mu yi magana ni da ita. Babanka yana gaishe ku.

Mahaifiyarka,
Jos