Masallacin Zagreb ba ya wanke ƙungiyar Ustasha

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa ne daga Tawa saboda wani guntun bidiyo da ke yawo a WhatsApp, wanda wani tsohon ɗalibina ya miƙo mini a wayarsa ranar da na ratsa ta fadarsu bayan la'asar, butar shayi tana kan gawayi. Bidiyon yana nuna wani zagayayyen gini mai hasumiya uku a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, mai bayani kuma yana kambama Ante Pavelic a matsayin gwarzon da ya ƙwato wa Kuroshiya ƴanci, har ya ba musulmi masallaci a tsakiyar Turai. Na shafe shekaru ina koyar da tarihi a lise kafin in ajiye alli, don haka na ga bai kamata in yi shiru ba.

Koken Kuroshiyawa yana da tushe, domin ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka haɗa su da Sabiyawa a masarauta ɗaya a 1918, wadda daga baya aka kira Yugoslabiya, iko ya taru a Belgrade, birnin Sabiyawa. A watan Yunin 1928 wani ɗan majalisa ya harbi jagoransu Stjepan Radic a cikin zauren majalisa, ya rasu bayan makonni, sannan a Janairun 1929 Sarki Alexander ya rusa majalisar ya riƙe mulki shi kaɗai. A lokacin ne Pavelic, wanda lauya ne, ya bar ƙasar ya kafa Ustasha, wato masu tayar da ƙayar baya. Sai dai jama'a ba su bi shi ba. Mafi yawansu suna tare da jam'iyyar manoma ta Vladko Macek. Ƙungiyar ta rayu ne a sansanonin Italiya da Hungari da kuɗin Musolini, kuma babban abin da duniya ta san ta da shi a wancan zamani shi ne hannunta a kisan Sarki Alexander a Marsai ranar 9 ga Oktoban 1934, harin da ministan harkokin wajen Faransa Louis Barthou ma ya rasa ransa a ciki.

Mulkin kuwa ba a fagen fama suka samo shi ba. Jamus ta afka wa Yugoslabiya ranar 6 ga Afrilun 1941, aka shelanta “ƴantacciyar ƙasar Kuroshiya” ranar 10, bayan Jamusawa sun fara yi wa Macek tayin shugabanci ya ƙi. Pavelic ya iso daga Italiya da mabiya ƴan ɗaruruwa kawai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar 18 ga Mayu ya sa hannu a Roma ya sallama wa Italiya babban yanki na gaɓar tekun Dalmatiya, ya kuma karɓi wani yariman Italiya a matsayin sarkin Kuroshiya, sarkin da bai taɓa taka ƙasar ba har sarautar ta ƙare. Duk wanda ya karanta tarihin mulkin mallaka a ƙasarmu ya san sunan irin wannan ƴanci.

Tun kafin Afrilu ya fita aka kafa dokokin wariyar jinsi irin na ƴan Nazi, aka shiga farautar Sabiyawa, waɗanda suka kusa kai sulusin jama'ar ƙasar, da Yahudawa da ƴan ƙabilar Roma, waɗanda ake kira Gypsy. An kashe wasu a ƙauyukansu, an kori wasu, an tilasta wa wasu barin cocinsu. A sansanin Jasenovac, wata tsohuwar masana'antar bulo da ke bakin kogin Sava, an yi kisa da wuƙa da guduma, kuma cibiyar tunawa da ke wurin ta tattara sunayen mutum fiye da 83,000 ɗaya bayan ɗaya, kimanin 20,000 daga cikinsu yara ne. Abin ya kai wakilin sojan Jamus a Zagreb, Janar Glaise von Horstenau, yana kai ƙorafi ga manyansa cewa wannan ta'asa tana tura mutane daji su shiga tawaye.

To, ina maganar masallaci? Gaskiya ne an mayar da wani zauren nunin zane masallaci, aka buɗe shi a 1944. Dalilin shi ne an haɗa Bosniya cikin sabuwar ƙasar, kuma idan ba a ƙidaya musulminta a matsayin Kuroshiyawa ba, lissafin rinjaye ba zai fita ba. Shi ya sa ake yi musu kirari da “furen al'ummar Kuroshiya”. Ba zan ɓoye cewa wasu musulmi sun shiga ƙungiyar sun kuma yi ɓarna ba. Amma abin da mai bidiyon ya tsallake, ya kuma fi cancanta ƴaƴanmu su sani, shi ne cewa tun a 1941 malamai da dattawan musulmi a Sarajevo da Mostar da Banja Luka suka fitar da takardu a fili suna la'antar kisan da ake yi wa maƙwabtansu. Ta Sarajevo, a watan Oktoba, mutum 108 suka sa mata hannu da sunayensu, a lokacin da ƙaramar magana kan kai mutum sansani.

Faɗuwar ta zo da sauri. Dakarun Tito, jagoran ƴan tawayen kwaminisanci, waɗanda Kuroshiyawa da yawa suka shiga, sun kama Zagreb ranar 8 ga Mayun 1945. Pavelic ya riga ya tsere, ya bar sojojinsa da fararen hula suka yi jerin gwano zuwa iyakar Ostiriya, inda sojojin Ingila suka ƙi karɓar su a Bleiburg, dakarun Tito kuma suka kashe dubbai ba tare da shari'a ba, wanda shi ma zalunci ne. Pavelic kuwa ya ɓuya a Roma, ya wuce Ajantina a 1948, aka harbe shi a can a 1957 bai mutu ba, ya cika a Madrid a Disamban 1959. Hasumiyoyin uku an rushe su ƴan shekaru bayan yaƙin, ginin kuma a yau yana hannun ƙungiyar masu zane ta ƙasar.

Ina roƙon ku buga wannan a shafin wasiƙu, domin na yi wa yaran fadar alkawarin zan kai musu jaridar da hannuna.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, Tawa